Ranar da Baba Ya Ɓace a Kan Dutse

Asabar, 10 ga Agusta
Mun iso gandun dajin. Bayana kamar an daka. Maigida ya ce hutu muka zo, ni dai wurin aiki na canja. Auta ta yi amai a kwane-kwanen hawan dutsen, Baba kuma sai tambaya yake ina za mu, kafin in rufe baki ya sake. Masaukin na katako ne, barguna suna warin danshi.

Lahadi, 11 ga Agusta
Yaya ya kira. Ya gyara ɗaki, ya samo mai jinya, da mun koma zai zo ya ɗauki Baba. Ni na roƙe shi, ba wani ba. Tun rasuwar Inna ni ce magani, ni ce wanki, ni ce gadin ƙofa. Na gaji, Allah ya sani. Ban gaya wa Baba ba. Ko na faɗa ma...

Litinin, 12 ga Agusta
An zaga da mu a buɗaɗɗiyar mota. Barewa, mikiya, da wani gwaggon biri marar kunya da ya fizge ledar burodi daga cinyata. Yara har da hawaye don dariya. Wai sun ga mazo, ban gani ba, ina ɗaure wa Baba rigar sanyi. Ya dube ni da ladabi ya ce, "Baiwar Allah, ke 'yar gidan wa ce?" Na ce 'yar gidanka. Ya ce madalla.

Talata, 13 ga Agusta
Ruwa tun safe. Wanki ya ƙi bushewa.

Laraba, 14 ga Agusta
Yau Baba ya ɓace mana.

Wanka kawai na shiga, na bar wa Maigida Baba a baranda. Na fito, kujera wayam, shayi ko kurɓa ba a yi ba. Maigida wai caja ya je ɗaukowa. Abin da na gaya masa a gaban yara ba zan rubuta ba.

Gajimare ya sauko har ƙasa, ba ka hango na gabanka. Masu gadin daji suka rarrabu, ɗaya yana cewa kwanan nan ɓauna na saukowa rafi da 'ya'yansu, a daina ihu. Na bi wata siririyar hanya, santsi ya kayar da ni, na tashi. Abin da ke cin raina: da safe na yi wa Baba tsawa a kan ya zubar da magani.

A kan wani falalen dutse na same shi, zaune, takalmi ƙafa ɗaya. Ƙasa da shi kaɗan ga garken ɓaunan nan suna shan ruwa, wata babba ta ɗago kai ta kafe mu da ido. Na buɗe baki, sai ya miƙe ya jawo ni bayansa, ya tare ni da hannu. Mutumin da iska ke neman kayarwa! Ya ce ƙasa-ƙasa, "Gajera, kar ki motsa, ina nan." Rabon da ya kira ni da sunan nan har na manta.

Muka tsaya a haka har suka haye rafin. Kafin masu gadi su iso ya koma tambayata ko na ga Inna.

Alhamis, 15 ga Agusta
Gwiwata ta kumbura. Maigida ya kawo ruwan zafi, na karɓa. Ban-haƙurin ke nan, daga ni har shi. Gobe hanya.

Lahadi, 18 ga Agusta
Gida. Tulin wanki har ƙugu, firji ya lalace. Yaya ya zo da mota, na tare shi a ƙofa na ce Baba ya kwaso mura a dutse, bai kamata a motsa shi yanzu ba, a bari ya warware. Ya ce, "Ke da kike kuka kin gaji?" Na ce har yanzu a gajiye nake. Ya daɗe yana kallona, ya shiga ya gaida Baba, ya tafi.

Maigida ya ɗauki akwatin Baba daga falo ya zazzage kayan a cikin kwaba.

Murar dai, gaskiya atishawa ce ya yi jiya.