Hutun Hikmat a Fagge

Alhamis, 24 ga Yuli, 2025

Ɗana Waliu ya bugo waya. Wai jibi suna hanya, shi da matarsa da yarinyar, a nan za su yi dogon hutun makaranta. Ba ni ya kira ba, uwarsa Sherifat ya kira, ita kuma ta ƙure muryar wayar don in ji. Na ce Allah ya kawo su lafiya. Sherifat ta tsaya tana kallona tana jiran ƙari. Babu ƙari.

Shekara tara rabonsa da gidan nan. Uwarsa ta je Fatakwal sau uku. Ni ban taɓa zuwa ba.

Juma'a, 25 ga Yuli

Sherifat ta birkice gidan. An fitar da kwalayen zarena daga ɗakin Waliu, an ɗaura sabon gidan sauro. Na ce gwamna ne zai zo? Ta ce jikarka ce.

Bari in rubuta abin yadda yake, tunda littafin nawa ne. Nneka, matar Waliu, 'yar Innocent ce. Innocent kuwa shekara ashirin da shida shagonsa na jikin nawa a Kasuwar Sabon Gari. Ni ina sayar da zare da zik da maɓalli, shi yana gyaran keken ɗinki. A gabanmu yaran nan suka tashi. Da suka zo da maganar aure na ce a'a, shi ma ya ce a'a. Da abin ya tsaya a nan da sauƙi. Amma na faɗa a gaban mutane cewa ba za a kawo min coci cikin gida ba. Aka kai masa. Shi ma ya ce 'yarsa ba za ta shiga gidan da za a kulle ta ba. Aka kawo min. Yaran suka tafi Fatakwal, ƙanena da ke can ya tsaya aka ɗaura. Innocent ya kwashe kekunansa ya koma layin baya. Tun daga ranar ko gaisuwa.

Asabar, 26 ga Yuli

Sun iso bayan la'asar, ana yayyafi. Waliu ya yi jiki, har da furfura a gemu. Ɗana da furfura! Ya kwanta rub da ciki a tsakar gida yadda ake gai da uba a wurinmu Yarabawa, ga ƙasa a jiƙe. Na ce tashi, za ka ɓata riga.

Nneka ta durƙusa. "Baba, mun same ku lafiya?" Hausarta na nan yadda na san ta. Na ce lafiya lau, ya hanya. Muryata ta fito kamar ta wani.

Sai yarinyar. Hikmat, shekararta bakwai. Ta ƙare min kallo daga hula har takalmi, ta ce, "Kai ne Baba Agba? A hoto ka fi tsawo." Baba Agba kaka ke nan da Yarabanci, amma sauran duk da Hausa fa! Waliu ya ce ai ita suke yi a gida, tunda shi ba ya jin Ibo, matarsa kuma Yarabancinta bai wuce na gaisuwa ba. A Fatakwal, gidan Bayarabe da 'yar Ibo, Hausar Fagge ake yi. Na tambaya ko sun ci abinci.

Litinin, 28 ga Yuli

Hikmat ta bi ni kasuwa. Ta juye min maɓallai ta sake jera su bisa launi, manya da ƙanana duk a haɗe. Aikin kwana biyu ta bar min. Maƙwabta suna ta tsokana, wai Alhaji Jimoh ya yi amarya. Ta ce ita ba ta auren tsoho mai goro a haƙori. Har masu wucewa sai da suka yi dariya.

Da za mu tashi ta ce, "Ina shagon Papa?" Haka take kiran Innocent. Na ce ban sani ba.

Na yi wa 'yar shekara bakwai ƙarya. Astagfirullah.

Laraba, 30 ga Yuli

Amala da miyar ewedu. Na ci na ƙara. Sai da na wanke hannu Sherifat ta ce Nneka ce ta tuƙa.

Lahadi, 3 ga Agusta

Nneka ta tafi coci da safe. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma yi shela ba, ta yi min sallama ta fita. Da ta dawo suka ɗunguma su uku zuwa gidan ubanta a Sabon Gari. Gidan ya yi tsit. Kwana takwas kacal, har na manta haka yake dā.

Hikmat ta dawo da labari. "Papa ba ya gani sosai. Da hannu ya shafa fuskata. Ya ce kumatun Mama Monica gare ni."

Monica matar Innocent ce. Ta rasu shekara uku ke nan. Ban je gaisuwa ba. Sherifat ta ce min za ta unguwa, na san unguwar, na yi shiru. Monica da ta goya Waliu a bayanta wata biyu cur lokacin da uwarsa ke kwance a asibiti, ga nata ɗan a hannu.

Ban so rubuta wannan ba. Na dai rubuta.

Talata, 5 ga Agusta

Gidan zu, kallon namun daji. Na ce ba za ni ba, na je. Hikmat ta tsaya gaban jimina ta ce wuyanta irin nawa ne. Kura kuwa ta ƙi kallo, ta ɓuya a bayan babbar rigata tana leƙowa. Mun zauna a ƙarƙashin bishiya mun ci gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa. Sherifat ta shiga lilo, mace mai jika. Waliu ya ɗauke ta a waya, ta ce in ya tura wa 'yan ƙungiyarsu sai ta saɓa masa.

Nneka nas ce, ashe har da abin awon jini a jakarta. Ta auna ni a nan gindin bishiyar. "Baba, gishirin nan ya isa haka." Na ce tun ba a haife ki ba nake cin gishiri. Ta yi dariya, irin dariyar da take yi tana ƙarama in na kama ta tana satar alawa a shagona. "Baba, kana nan da halinka."

Ta riƙe min hannu wajen tsallake wani kwata. Ban ƙwace ba, don wurin da santsi.

Alhamis, 7 ga Agusta

Waliu ya zauna da ni bayan azahar. Ya ce hawan jinin ido ne ke damun Innocent, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi. Victor, wan Nneka, yana so ya zo ƙarshen shekara ya tafi da shi Onitsha gaba ɗaya. Tsohon yana ƙi, wai a Kano ya binne matarsa.

"Baba, ba roƙonka nake komai ba. Na dai ga ya kamata ka sani."

Na ce na ji. Na tashi na hau gyaran rediyon da ba abin da ya same ta.

Talata, 12 ga Agusta

Ruwa tun safe. Ba kasuwa. Hikmat ta koya min wasa a waya, ta cinye ni sau shida.

Asabar, 16 ga Agusta

Yau dai.

Tun zuwansu yarinyar nan take nacin sai ta hau Dala ta ga Kano gaba ɗaya. Waliu ya ce yau, tunda gari ya washe. Na zauna gaba a mota. Maimakon ya miƙe cikin gari sai na ga ya karya ya shiga Sabon Gari. Na waiwaya, Sherifat ta mai da fuskarta taga. Aka tsaya a ƙofar wani gida, Nneka ta shiga ta fito riƙe da hannun wani tsoho mai sanda da tabarau mai kauri. Wallahi sai da na yi kallo biyu. Kansa fari fat. Innocent da yake ɗaga kan keken ɗinki da hannu ɗaya.

Ya shigo ya ce, "Sannunku." Ga kowa da kowa. Na ce, "Yauwa." Ga gilashin mota.

A Dala muka fara hawa. Ban yi rabin matakalar ba gwiwata ta ce ta gaji. Na zauna. Nneka ta ce Papa ma ya huta, ta zaunar da shi a taki ɗaya da ni. Suka wuce. Sherifat da kullum take kukan ciwon baya, sai ga ta tana hayewa kamar budurwa. A nan na gane shiri ne.

Can ya ce, "Jimoh, kai ne ke wannan hucin, ko injin markaɗe aka kunna?"

Na ce, "Kai da aka ce ba ka gani, ya aka yi ka san ni ne?"

"Shekara ashirin da shida ina jin hucin nan ta bayan katako."

Na danne dariyar, ta fito ta hanci. Sai ya ce in gaya masa abin da ake hangowa. Na fara faɗa masa. Ga hasumiyoyin masallaci, ga Goron Dutse ya yi kore shar saboda damina, ga rufin kwano har iya ganin ido, can wajen Fagge, bayanta Sabon Gari. Yana gyaɗa kai, yana cewa, "Haka ne, haka ne," kamar yana gani.

Ban shirya ba, bakina ne ya yi gaba. Na ce, "Innocent, ya haƙurin Monica?"

Ya juya sandarsa a hannu.

"Shekara uku, Jimoh."

"Na sani."

"Na sa an ajiye maka kujera kusa da ni. Kwana uku tana nan. Duk wanda ya zo zama sai in ce da mai ita."

Na ce, "Ka yafe min." Ban tuna ranar da na taɓa faɗa wa namiji ɗan'uwana haka ba.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Maganar kullen da na yi, ni ma ban kyauta ba. Na san gidanka. Na san Iya Waliu."

Iyakarta ke nan. Sai ga Hikmat ta sauko da gudu tana ihu wai ta hango gidanmu, har da shanyar da aka bari. Ƙarya take. Ta zauna a tsakaninmu. Innocent ya ce ya ji labari wani tsoho yana neman ƙwace masa amarya. Na ce ai ni na riga shi kai gaisuwa.

Wajen saukowa ya ɗora hannu a kafaɗata, ni ina gaba ina ce masa taka, taka, saura kaɗan. A mota Hikmat ta dinga neman a tsaya sayen gurasa.

Lahadi, 17 ga Agusta

Gwiwa ta kumbura. Nneka ta gasa min da ruwan zafi. Ba wanda ya tayar da zancen jiya. Sherifat tana ta 'yan waƙe-waƙe a kicin.

Asabar, 23 ga Agusta

Innocent ya zo gidan. Sherifat ta yanka kaji, ta gayyato ƙannenta biyu daga Rijiyar Lemo da 'ya'yansu, tsakar gida ba wurin sa ƙafa. Da ya shigo ya tsaya a zaure ya ce, "Har yanzu ba ka gyara dokin ƙofar nan ba?" Ƙafarsa ta tuna.

Ya ci tuwo ya ce miyar ba yaji. Sherifat ta ce dā ma ba ya godiya. Da aka kira la'asar muka tashi, shi ya zauna a kan tabarma yana jiranmu, yadda yake tsare min shago in na tafi masallaci.

An yi hoto. Aka sa mu biyu a kujera, Hikmat a tsakiya. Aka tambaye ta wa ta zaɓa. Ta ce mu buɗe baki ta ga wanda ya fi haƙora. Shi ya ci.

Asabar, 30 ga Agusta

Sun tafi da sassafe. Hikmat ta ƙanƙame min ƙafa tana kuka, sai da ubanta ya ɓamɓare ta. Na sa musu kilishi da yaji a mota. Nneka ta durƙusa yin sallama, na ji kaina ina cewa, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ta ɗago ta kalle ni, ta sunkuyar da kai da sauri ta shige mota.

Waliu ya ce, "Baba, Disamba fa?" Na ce Fatakwal da nisa. Ya ce akwai jirgi. Na ce mu ga abin da Allah zai yi.

Lahadi, 31 ga Agusta

Sherifat ta ce a bar ɗakin yadda yake, kwalayena su nemi wani wuri. Ban yi gardama ba.

Talata, 2 ga Satumba

Kasuwa ba ciniki. Wajen ƙarfe goma na ce bari in miƙe ƙafa, dā ma Nneka ta ce in riƙa tattaki. Layin baya na bi. Hanya ce kawai.

Innocent yana zaune da keke a gabansa, ya kwance ya ɗaure duk da lalube, hannun na nan da saninsa. Sai dai wajen gwaji ya tsaya. Yana ta kai zare bakin allura yana kuskurewa. Sau biyar na ƙirga. Na karɓa na zura masa. Bai ce na gode ba, ni ma ban jira ba. Ya taka keken, ɗinki ya fita sumul.

Na ce, wannan zancen Onitsha fa? Ya ce Victor ya ce ba mai duba shi a nan. Na ce Victor bai san Kano ba.

A nan azahar ta same ni. Da zan tafi ya ce gobe akwai kekuna biyu da za a kawo. Na ce in na samu lokaci.

Na gaya wa Sherifat gobe ta zuba abincin rana a babbar kula. Ta ƙara yaji. Ta tambaye ni na wa ne, na ce kwana biyun nan ina jin yunwa.