Wasiƙa Mai Baƙin Gefe

Baban Mahala,

Ran Talata da na kai ƙwai kantin Tuttle, ya miƙo mini wasiƙa daga jihar Kansas, gefenta baƙi, irin ta sanar da rasuwa. Ya ce, "Zauna tukuna, baiwar Allah." Ban zauna ba.

Mahala ta rasu wajen haihuwa. Jaririyar tana raye. Kwana biyar na ɓoye maka, don kana tsakar yankan alkama. Ka yafe mini.

Na tafi tashar jirgin ƙasa, zan ɗauko jikarmu. Wasiƙar tana ƙarƙashin agogo.

Wadda nake rubuta wa Mahala kuwa na tafi da ita. Har yanzu kowace safiya ina ƙara mata layi ɗaya. Yau na gaya mata an yi ruwa.

Arvilla