Takardar Yagana

Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, gaisuwar 'ya ga uwar da ta riga ta tafiya.

Falmata ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Kada ki yi saurin murna, ranar Alhamis za a tantance takardu.

Kin tuna ranar da muka gudo daga Borno? Mata na ɗaure zannuwa da tukwane, ke kuwa takarda ɗaya kika cusa a ƙugu: shaidar gama firamare ta ƙanwata Yagana. Takardar ta iso Gombe lafiya. Yagana ce zazzaɓi ya tsayar a hanya.

Shekara biyu ƙanwarta Falmata tana zaune a ɗakin da aka ara mana a Tumfure, makarantarsu ta ƙone da duk rajistarta. Da kika kai ta sakandare aka ce sai da shaida, kika kwance ƙugu kika miƙa. A keken dawowa na yi miki magana, kika ce, "Takarda ce, ba ta san fuska ba." Tun daga ranar ta zama Yagana a aji, Falmata a gida.

Shekara takwas dabararki tana aiki. Ni mai digiri ce na ɓata ta. Bayan rasuwarki na kai yarinyar yin katin ɗan ƙasa, aka tambayi suna, na faɗi na gaskiya ina alfahari da iya cika fom. Yanzu sakamakonta na Yagana ne, katinta na Falmata, kuma kwamfuta ta san fuska.

An ce maganin abin sauƙi ne. In je kotu gobe in yi rantsuwa cewa Yagana da Falmata mutum ɗaya ne. Ni da na riƙe ƙafafun Yagana kina yi mata wankan gawa. In na ƙi, shekarar nan ta wuce Falmata, wataƙila har da na gaba. Ba ta roƙe ni ba. Ta dai goge farar rigar da ta aro, ta rataye inda zan gani.

Zan je, Mama. Zan sa hannu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya yafe mini na gobe. In Yagana na kusa da ke, ki gaya mata ta ci jarrabawa.

'Yarki ta fari,
Hadiza