Da Sunan Badaru Na Shiga Fanya

Litinin, 20 ga Oktoba, 1975. Kademi, ƙasar Gaya.
Gobe za mu tafi, ni da Badaru. Gyaɗa ta kuturce bana, gonata da tasa ko kwando ɗaya ba mu ɗauka ba. Ni na kawo shawarar, gara in rubuta wannan tun yanzu. Kawunsa Datti, wan mahaifiyarsa, ya shekara ashirin da biyu yana fawa a tsibirin Fanya, can tsakiyar teku bayan Kamaru. Shekara uku da suka wuce ya aiko masa da takarda mai hatimi, wai duk ranar da ya so ya zo. Tana ƙasan akwati, ni na sa ya fito da ita.

Mahaifiyarsa, Inna Hansai, ba ta so. Shi kaɗai gare ta. Da la'asar ta kira ni zaure, ta miƙo ƙunshin daddawa da kuka a kai wa ɗan'uwanta. Ba ta faɗin sunan Badaru, ɗan fari ne. Ta ce, "Barau, abokin naka ba shi da ƙwarin jiki. Kai ka yi boko, kai ne idonsa. Amana ce." Na ce in Allah ya yarda.

Jaka ɗaya gare mu, ta goyo, irin ta soja. Za mu riƙa karɓa-karɓa.

Alhamis, 23 ga Oktoba. Yola.
Kwana biyu a bayan gingimari, kan buhunan albasa. Har bargonmu ya ɗauki wari.

Asabar, 25 ga Oktoba. Kan iyaka.
Sanda ce kawai a gicciye bisa ganguna biyu, da rumfa. Na ɗauka abin zai fi haka girma. Jandarman ya juya takardar Badaru sama da ƙasa. Da yaren Fanya aka rubuta ta, shi ma bai iya ba, amma hatimin ya yi masa kwarjini. Ni ba ni da komai. Ya zaunar da ni a rana tun hantsi har azahar ta wuce. Badaru ya yi ta roƙonsa da ɗan Fillancin da ya koya wurin kakarsa, ya ce ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Badarun da ko a wasa ba ya ƙarya. A ƙarshe jandarma ya karɓi takalmina na fata ya ce mu ɓace.

Na shiga Kamaru ba takalmi. Badaru ya cire nasa ƙafa ɗaya ya miƙo mini, wai mu raba. Muka yi dariya, ta farko tun Gaya.

Laraba, 29 ga Oktoba. Garwa.
Dako a bakin kogi don guzuri. Yau Badaru bai iya gama tuwonsa ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba. Ngaundare.
Atuni ne, da jini. Ya ɓoye mini kwana uku. Na ce mu tsaya, ko ma mu juya. Ya ce da wane ido zai kalli Inna, hannu rabbana. Ban matsa ba. Ya kamata in matsa. Gaskiya ni ma ba na son juyawa.

Jakar yanzu ni kaɗai ke goyo.

Juma'a, 7 ga Nuwamba. Duwala.
Jirgin ƙasa, daji, daji, daji. Bishiyoyin da ba a ganin ƙarshensu. Badaru na kwance a cinyata mutane na tsallake mu. Mun sauka a unguwar Hausawa, gidan wani fatake mai goro, Alhaji Gwadabe, mutumin Ajingi. Da ya ji Kademi ya ba mu ɗaki bai tambayi komai ba. An kai Badaru asibiti, an yi allura, an ce mun makara.

Garin nan iskarsa kamar tururin tukunya. Riga ba ta bushewa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba.
Badaru ya rasu bayan azahar. Fura ya nema, na fita nema, ban samu ba, na dawo na tarar.

Litinin, 10 ga Nuwamba.
Kabarin ruwa yake tsattsafowa, sai da aka shimfiɗa ganyen ayaba. Mu bakwai muka yi masa salla.

Alhaji Gwadabe ya ce in koma gida, akwai motar goro jibi. Ya ce Fanyar da ake labari ta mutu, mutane fitowa suke yi ba shiga ba. Na ce sai na kai wa kawun Badaru saƙon daddawa, na faɗa masa da bakina. Ya dube ni. Ya san ba shi ne dalili ba. Zauren Inna Hansai nake tsoro.

Asabar, 22 ga Nuwamba. Fanya.
Daga Fikitoriya, bakin tekun Kamaru, muka taso da asuba, kwale-kwale mai inji, mu goma sha shida. Ban taɓa sanin ruwa na iya tashi tsaye ba. Na yi amai har na daina jin kunya. Wajen la'asar dutsen tsibirin ya fito daga cikin gajimare, baƙi ƙirin, daji har wuyansa.

A gaɓa wasu samari masu bindiga suka jera mu. Mai takarda dama, marar takarda hagu, ga mota a tsaye za ta kai su gonakin koko. Wani Bayarabe ya yi gardama, suka fasa masa baki da gindin bindiga. Da aka zo kaina hannuna ya shiga jaka.

"Badaru Isa?"
Na ce ni ne.
Babu hoto a takardar.

Litinin, 24 ga Nuwamba.
Na sami Kawu Datti. Ɗakin langa-langa a bayan masallacin Hausawa. Teburin fawan na nan a ƙofa, amma rabonsa da nama shekara biyu. Yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Matarsa 'yar tsibirin ce, ta rasu, ba su haihu ba. Maƙwabciyarsa Lauratu ke ba shi abin da ta samu.

Na shirya maganar tun a hanya, kalma kalma. Na yi sallama, na buɗe jaka, sai warin daddawa ya cika ɗakin. Tsohon ya miƙe yana lalube. "Wannan hannun Hansai ne. Wane ne? Badaru?" Ya kama fuskata yana shafawa, yana kuka. "Ka ga hancin, na gidanmu ne."

Ban ce e ba. Ban ce a'a ba. Lauratu ta fita tana shela ɗan Malam Datti ya zo.

Gobe zan faɗa masa.

Alhamis, 4 ga Disamba.
Ban faɗa ba.

Kantuna wayam. Babu gishiri, babu sabulu, babu kananzir. Koko na ruɓewa a bishiya. Ina shiga daji in haƙo gwaza in saro ayaba, Lauratu ta dafa. Kullum sai Kawu ya tambaye ni gida: tsamiyar bakin rijiya tana nan? Wa ya gaji limanci? Hansai har yanzu tana saƙa faifai? Duk na sani, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Abin da ya fi ciwo ke nan, ƙaryar ba ta ko ba ni wahala.

Jiya ya ce, "Ɗan maƙwabcin nan naku, Barau, mai rashin ji, me ya zama?" Na ce yana nan. Ya ce Allah ya shirye shi. Na ce amin.

Lahadi, 14 ga Disamba. Babbar Salla.
Ba wanda ya yanka ko kaza. Na riƙe wa Kawu sanda zuwa idi. Yana nuna ni ga kowa, ɗan ƙanwata, ya taka ƙasa uku don ni. Ya ba ni wuƙarsa ta fawa, ya ce ba shi da wani magaji. Na karɓa da hannu biyu. Allah na gani.

Laraba, 24 ga Disamba.
An tsinci gawar wani leburan koko, ɗan Kalaba, a bakin hanya, bayansa duk shatar bulala. Ba wanda ya tsaya. Ni ma ban tsaya ba. Ana raɗe-raɗin gwamnatinmu za ta turo jirgin ruwa a kwashe 'yan Nijeriya. Kawu ya ce shi ina za shi, kabarin matarsa na nan.

Juma'a, 2 ga Janairu, 1976.
Bayan sallar Juma'a Kawu ya ce in ɗauko biro, an sami mai fita Duwala, zai aika wa Hansai wasiƙa. Yana faɗa ina rubutawa. Gaisuwa, ban gajiya, godiyar daddawa. Sai ya ce, "Rubuta: ɗanki ya iso lafiya, ya yi ƙiba, shi ke ba ni abinci a baki. Ki kwantar da hankalinki."

Na rubuta "ɗanki". Hannuna ya ƙi gaba. Na ga ana karanta mata a zaure, tana raba goro don murna.

Ya ce, "Ka tsaya?"
Na ce, "Kawu, ni ba Badaru ba ne."

Na faɗa duka. Iyaka, Ngaundare, furar, ganyen ayaba, takardar. Na faɗa ni na zuga shi. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya ce, "An yi masa salla?" Na ce an yi. "Mutum nawa?" Na ce bakwai. Ya juya fuskarsa bango.

Na ajiye wuƙar kusa da tabarmarsa na fita.

Litinin, 5 ga Janairu.
A barandar masallaci nake kwana. Ina kai gwaza wurin Lauratu kamar kullum. Ta ce in ya san daga hannuna ne ba ya ci, don haka ba ta faɗa masa. Ita ma ba ta amsa gaisuwata sosai. Da gaskiyarta.

Alhamis, 8 ga Janairu.
Kawu ya faɗi a bayan gida, ya fasa goshi. Na ɗauke shi, na wanke jinin. Ya gane hannuna. Bai ture ba.

Lahadi, 18 ga Janairu.
Jirgin ya zo. Dubban mutane a tasha, kowa da ƙunshinsa a ka, masu bindiga na ƙwace abin da ya yi musu. Lauratu ta bi 'yan'uwan mijinta tun safe. Na je ɗakin Kawu in yi masa sallama, ko ba zai amsa ba. Na tarar da shi zaune, ya sa babbar rigarsa, ya naɗe buzunsa.

Ya ce, "Barau."
Rabon da a kira ni da sunan nan tun Duwala.
"Irin wannan labari ba a aika shi a takarda. Ni ne wanta, ni zan faɗa mata. Zo ka ɗaga ni."

Ba ya iya gangaren tasha. Na rataya jakar a ƙirji, na goya shi. Ba shi da nauyi, ko buhun gero ya fi shi. A bakin tsanin jirgi malamin da ke rubuta sunaye ya tambaye ni. Kawu ya riga ni: "Datti Kademi, da Barau Kademi." Takardar Badaru kuwa Kawu ya karɓa ya sa a aljihunsa.

Laraba, 21 ga Janairu. Kalaba.
An zuba mu a wani fili, an ba mu shinkafa. Kawu tari yake yi sosai. Bai ce ya yafe ba, ban kuma roƙa ba. Magana kaɗan: ruwa, alƙibla, kai ni. Yau da safe ya ce in ba shi labarin Badaru, ba na mutuwar ba, na da. Na ba shi na takalmi ƙafa ɗaya. Ya yi wani sauti, ban sani ba ko dariya ce.

An ce jibi akwai motocin Arewa. Na faɗa masa iyakata tashar Gaya, in damƙa shi ga wani ɗan Kademi in juya Kano neman aiki. Ya ce to.

Sai dai ba kullum ake samun ɗan Kademi a tasha ba. Kuma hanyar akwai yashi, makaho da sanda ba zai iya ba. Wataƙila in kai shi bakin gari. Ko ƙofar gidan.

Zauren ma akwai dokin ƙofa mai tsayi, sai an riƙe shi.