Rasuwar Baba Nehemiah Vandi da Maganar Masu Ɗaukar Akwatinsa

Cikin alhini mai nauyi, da zuciyar da har yanzu ta ƙi zama wuri ɗaya, Zumuntar Masu Binciken Littafi Mai Tsarki ta Mubi da Kewaye tana sanar da iyayenmu Shugabannin Ikilisiyoyi, Rabaran-Rabaran, Fastoci, Masu Bishara, Dattawa, Zumuntar Mata, Zumuntar Maza, matasanmu, da maƙwabtanmu Musulmi masu mutunci, cewa ta karɓi labarin rasuwar Ubanta wanda ya kafa ta, Dattijon Ikilisiya, Malamin Karatu, Baba Nehemiah Vandi Kwada, wanda Ubangiji ya kira gida ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a gonarsa ta Digil, da fartanyarsa a hannu.

Kafin in ci gaba, ya kamata a san wanda yake magana, domin akwai abin da zan faɗa a ƙasa wanda bai kamata a ɗauke shi kamar daga bakin rago ya fito ba. Ni Edwin Tumba Zira, babu wanda ya biya mini makaranta. Da tura baro a kasuwar Mubi na gama sakandare. Na fara faci a bakin hanyar Uba da famfon hannu ɗaya da tsohon baho na ruwa, yau ina da shagon taya a Mubi, ina da wani a Uba. Na gina gidana a Nassarawo, na aurar da ƙannena, na kai 'ya'yana inda ni ban kai ba. Shekarar da 'yan bindiga suka kore mu daga garin nan na hau dutse da mahaifiyata a bayana, na dawo na tarar da toka, na sake ɗagawa daga ƙasa, ba gwamnati, ba ƙungiyar agaji, ba ɗan siyasa. To wannan mutumin ne yake gaya muku yau cewa yana jin tsoro, kuma ya san ba shi kaɗai ba ne.

Marigayi Baba Nehemiah bai taɓa riƙe ikilisiya a matsayin Fasto ba, bai kuma nema ba, amma da wuya a sami unguwa daga Digil zuwa Nassarawo da babu wata tsohuwa da ke buɗe Littafi Mai Tsarki da kanta saboda shi. A ƙarƙashin mangwaron gidansa ya koya wa iyayenmu mata karatun Hausa, wasu da jikoki a bayansu, yana fassara musu da yaren Kamwe inda Hausa ta yi musu tsauri, yana cewa ba ya so wani ya tsaya tsakanin mace da Maganar Allah kamar dillalin awaki. Duk wanda ya yi sujada tare da shi ya san wurin zamansa, ya san yatsan nan nasa da ke bin layi lokacin wa'azi, ya kuma san tambayarsa guda ɗaya da yake jiran mai wa'azi da ita a bakin ƙofa, cikin ladabi, da hularsa a hannu: a ina aka rubuta? Ya yi wa ƙananan Masu Bishara ita, ya yi wa manyan Rabaran-Rabaran masu digiri ita, har ta zama sunansa, yara da manya suna kiransa Baba A-ina-aka-rubuta, yana amsawa da dariya.

Yakan ba mu labarin kakanninmu na bangaskiya, waɗanda suka tashi a Turai ɗaruruwan shekaru da suka wuce suka ce sai an gyara ikilisiya, a mayar wa talaka Littafi cikin harshensa, a daina sayar masa da gafarar da Yesu Almasihu ya riga ya biya da jininsa. Ya ce shi bai karanta manyan littattafansu ba, amma ya gane cewa ceto alheri ne, ta wurin bangaskiya ake karɓarsa, kuma Matsakanci ɗaya ne. Ba ya yarda a yi amfani da wannan tarihi a zagi wata ɗariƙa. Yakan ce cinikin da mutanen nan suka yi faɗa da shi tuni ya tashi daga inda ya fara, ya zo ya kama haya a gidanmu, saboda haka gyara ba labarin da ba ne, aikin kowace Lahadi ne. Kuma ba ya duba fuska. Ni kaina shaida ne. Da muka dawo daga gudu, ni na sayi dukan kwanon da aka rufe majami'armu da shi, na roƙi a kafa ɗan ƙaramin allo mai sunana a bakin ƙofa. Baba ya miƙe a gaban dattawa ya ce kwanon Edwin zai tare mana ruwan sama, mun gode, amma in za a rubuta sunansa sai a rubuta na gwauruwar da ta riƙa kawo wa magina ruwa daga mayo, wato rafi, domin a wurin Allah ba a san wanda ya fi bayarwa a cikinsu ba. Na ji haushi ƙwarai, kuma har yau ina ganin ƙaramin allo ba zai rushe majami'a ba. Amma ba a kafa shi ba, ni kuma ban bar bin Baba ba.

Yanzu na zo kan abin da ake raɗa a kasuwa da cikin keke napep, wanda Zumunta ta ga gara ta faɗe shi a fili. A farkon daminar nan jikan Baba ya kwanta da zazzaɓi, mahaifiyar yaron, 'yarmu Jessica, cikin firgita irin ta uwa, ta je rumfar wani mutum mai kiran kansa Annabi Destiny ta sayo kwalbar mai da aka ce yana warkarwa, aka kuma gaya mata kai yaron asibiti rashin bangaskiya ne. Baba ya gane, ya ɗauki yaron ya kai asibiti, yaron ya tashi, muna yi wa Allah godiya. Sa'an nan ya sa kwalbar a aljihu ya ce in kai shi rumfar a motata. Na kai shi. Da aka ba da lokacin shaida, ya miƙe da rana tsaka a gaban jama'a, ya ɗaga kwalbar, bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba, ya yi tambayarsa da muka sani: a ina aka rubuta cewa ana sayar da wannan? Sai mutumin ya faɗa ta lasifika cewa wannan tsoho ba zai ci sabuwar masarar bana ba, wanda ya kawo shi a mota kuma gara ya fara sallama da iyalinsa. Ni ne wanda ya kawo shi a mota.

Masarar Baba ta yi goyo, ba ta nuna ba, Baba ya faɗi a cikinta. Zumunta tana so kowa ya ji wannan da kyau: Baba ya daɗe yana fama da hawan jini, likitan da ya duba shi ya faɗa, Mamarmu Liyatu, matar marigayin, ta faɗa, ta kuma ce duk damina sai sun yi rigima da shi a kan magani, domin yana cewa ƙwayar tana sa shi jiri in ya sunkuya noma. Wannan ita ce gaskiya, na san ta, na rubuta ta da hannuna. Amma ba zan yi wa jama'ar Allah ƙarya ba, sanin gaskiya bai hana ni jin tsoro ba. Matata Eva ta ɓoye makullin motata. Mutanen da suka saba shiga shagona su zauna su sha ruwa, yanzu daga bakin titi suke tambayar farashi. Na auna jinina a kemis har mai kemis ya fara kallona da tausayi. Shekaranjiya taya ta fashe ana ba ta iska, sai na tsinci kaina kwance bayan kanta, ni da na ji ƙarar bindiga ban ajiye tsohuwata ba. In haka ya same ni, ina tunanin halin da ƙananan cikinmu suke ciki.

Kowa ya san al'adar wannan Zumunta tun ranar da Baba ya kafa ta: ba ma sa akwatin ɗan'uwanmu a mota. A kafaɗa muke ɗaukarsa daga majami'a har maƙabarta, maza shida, Rabaran kusa da mai tura baro, mai shago kusa da manomi, domin Baba ya koya mana cewa dukan masu bi firistoci ne, babu hannun da ya fi wani tsarki. A da har gardama ake yi a kan wanda zai ɗauka. Yanzu an baza magana cewa duk wanda ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin wannan akwati zai kwashi ragowar la'anar, sai dai in an shafa masa man nan tukuna. Tun daga lokacin, wani bayansa ya fara ciwo, wani tafiya ta kama shi zuwa Yola, wani wayarsa ba ta shiga. Ba zan kira suna ba, domin na san abin da ke cikin zuciyarsu, irinsa ne ke cikin tawa. Mun kuma ji cewa wasu dangi suna matsa wa ɗanmu Nicholas, babban ɗan marigayin, ya ɗauki hayar mota, ya gayyaci mutumin nan ya zo ya warware bakinsa a kan gawar kafin a binne. Ɗanmu Nicholas, mun san kana tsoron ƙannenka da 'ya'yanka ne, ba mu ga laifinka ba. Amma in akwatin nan ya tafi a mota da mai a jikinsa, to an amsa wa dukan garin Mubi cewa kwalba ta fi Littafi, kuma ba Baba kaɗai za mu binne ba, har da tambayarsa. Bayan haka babu tsohuwar da za ta sake yin ƙarfin halin tambayar kowa a ina aka rubuta, kuma yaro na gaba da zai kwanta da zazzaɓi ba lalle a sami kakan da zai kai shi asibiti ba.

Da muka je gaisuwa, Mamarmu Liyatu ta nuna mana kwalbar da wasu suka kawo mata da sunan taimako, tana ajiye a waje kusa da turken akuya, ta ce ba za ta shiga ɗakin da mijinta ya kwana ba. Ta dube mu, mu maza, ta ce in kafaɗunmu sun yi ciwo mu faɗa da wuri, matan da ya koya wa karatu za su ɗaura ɗamara su kai shi.

Zumunta tana godiya ga maƙwabcin marigayin, Malam Tsoho kafinta, wanda ya haɗa akwatin ya kawo shi har gida da kansa, da Alhaji Sulaiman da iyalinsa da suka ba da ƙofar gidansu domin masu zaman makoki. Tana kuma gargaɗin matasanmu da babbar murya: kada wanda ya je rumfar mutumin nan da dutse ko sanda ko zagi. Ba mu ce ya kashe Baba ba. Abin da muke faɗa ma shi ne ba shi da ikon kashewa, rai a hannun Allah yake. Baba da tambaya ya je, kada mu ɓata masa aiki.

Muna roƙon Allah Uba Mai Iko Dukka, Uban marayu, Mai kare gwauraye, ya ta'azantar da Mamarmu Liyatu, da Nicholas, da Jessica, da sauran 'ya'ya da jikoki, da dukan dangin Kwada na Mubi da na kan dutsen Michika. Ya ba su ƙarfin jure wannan babban rashi, ya cire tsoro daga gidansu, ya cire shi daga namu. Muna sa zuciya ga tashin matattu, ba domin ayyukan Baba ba, shi da kansa zai tsawata mana in mun faɗi haka, sai domin alherin Mai Cetonmu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, kuma za a ɗauke shi a kafaɗa. Ana neman maza biyar, domin na shida ya samu. Ni ne na shidan, kuma ba mai shafa mini komai. In wani abu ya same ni bayan haka, lokacina ne ya yi, kada a kawo kwalba gidana, kada a ce wa Eva da 'ya'yana wani ya ci nasara. In kuma Allah ya bar ni, da izinin Mama Liyatu zan je Digil in karyo masarar nan in ta nuna, in gasa ta a ƙofar shagona, in ci kowa yana gani.

Baba ya hana a rubuta sunana a kan allo saboda kwano, na haƙura. Wannan karon ba zan haƙura ba. Ina neman Magatakardan Ikilisiya ya rubuta a cikin tsarin jana'iza, ya kuma karanta daga bagade da ƙarfi yadda za a ji har bakin titi, cewa kusurwar gaba ta hannun dama ta akwatin Baba Nehemiah Vandi Kwada tawa ce. A rubuta sunan cikakke, kada a gajarta ko harafi ɗaya, domin in tsoro ya kama ni da safiyar Asabar, ya zama ba ni da wurin ɓuya.

Sa hannu:
Edwin Tumba Zira
Kakakin Zumuntar Masu Binciken Littafi Mai Tsarki ta Mubi da Kewaye
A madadin Shugaba da Dattawan Zumunta