Matajin Ƙarfen Inna

Zuwa ga Yayana Josenildo,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, ya sanyin Lisbon, ya aikin gini? Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya tsare ka daga faɗuwa. Mu nan garinmu Cachoeira lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma suyar ƙosanta a bakin kogi, tana faɗa da masu cewa barkonon ya yi yawa.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Zancen 'yarka Tainara ne. Ka san ta ci jarrabawar shiga karatun likita a jami'ar gwamnati, a cikin guraben da doka ta ware wa baƙaƙe da 'yan ruwa biyu da suka yi makarantar gwamnati. Saura kawai ta bayyana gaban kwamitin da ke duba mutum ido da ido, don hana fararen da ke shigowa da ƙarya su cinye rabon wasu. Ka ce ta tafi da hoton kakanmu. Yaya, ba sa kallon kakan kowa. Abin da suke tambayar kansu shi ne, in wannan yarinya ta shiga kanti, wane irin kallo mai gadi zai yi mata?

To, da safen ranar na tafi asibiti aiki, na bar ta da Inna. Ka san halin uwarka in babbar rana ta zo. Ta ɗora matajin ƙarfen nan nata a wuta, ta zaunar da yarinya tsakanin ƙafafunta, ta miƙe gashin nan tas har yana sheƙi. Tainara ta ce ta so ta hana, amma Inna ta daka mata tsawa cewa jikarta ba za ta tsaya gaban manyan malamai da kai kamar sheƙar tsuntsu ba. Ga shi yarinyar ta ɗauko hasken mahaifiyarta, ga watanni tana ɗaki tana karatu rana ba ta gan ta ba. Kwamiti ya dube ta, ya ce bai gamsu ba. Gurbin ya fara suɓuce mata.

Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba, har na rasa da wa zan yi. Da na fara yi wa Inna faɗa sai ta ajiye ludayi, ta ce in saurara. Wai tana budurwa ta je neman aikin kanti a birnin Salvador, matar da ke da kantin ta kalli gashinta kawai ta ce suna neman mai kyan gani. Tun daga ranar ba ta sake fita da gashinta yadda Allah ya yi shi ba, mu ma haka ta yi mana don kada a kore mu a bakin ƙofa. Ta ce ita an hana ta shiga don ta cika baƙi, yau an hana jikarta don ba ta kai ba, kuma da hannunta ta jawo. Ban taɓa ganin Inna tana kuka a tsaye ba sai ranar.

Na daɗe ina juya abin a raina. Dokar nan ina sonta, domin duk shekarun da na yi ina jinya ban yi aiki da likitoci masu kama da mu ba sai 'yan kaɗan, kuma yawancinsu ta wannan ƙofar suka shigo. Amma a tsayar da ɗiyarka ana auna hancinta da leɓenta, wannan da ciwo. Sai dai in ba a duba ba, ka san mutanenmu, kowa zai tuno yana da kaka baƙa ranar da abin ya zama riba.

Tainara ta ɗaukaka ƙara, aka ba ta damar sake bayyana gaban wasu mutanen daban. Wannan karon Inna da kanta ta wanke mata kai, ta shafa man kwakwa, ta bar shi ya tashi yadda ya ga dama, tana ta mita wai gashin nan taurin kan ubanta ya gado. Ta raka mu har can, ta zauna a waje riƙe da carbinta na coci. Sun karɓe ta, Yaya. 'Yarka za ta fara karatun likita a watan Maris.

Da muka dawo gida Inna ta miƙo wa Tainara almakashi, ta ce tunda likita za ta zama, ta fara koyon yanka a kanta. Yarinyar ta yanke duk miƙaƙƙen gashin nan na Inna da muka sani. Yanzu sabo na fitowa, fari fat, a nannaɗe kamar auduga. Ni da na haura arba'in, sai yanzu na fara ganin ainihin gashin uwata, kuma na san kai ma ba ka taɓa ganinsa ba. Haka take zuwa bakin kogi, ko ɗankwali ba ta ɗaurawa sai za ta fara suya.

Ka gaida matarka Cleonice da ƙaramin ɗanka Ubiratã. Kawu Damião yana gaishe ka, Tainara kuma ta ce ka daina kiranta likita tukuna. Inna ta ce ka zo Kirsimeti ka gan ta da idonka kafin ta tsufa.

Taka ƙanwa har kullum,
Valdirene