Keken Sani da Shanyar Kawu

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya maigida da yara, ya zaman Legas? Inna tana gaishe ki.

Ƙaninmu Sani ya yi hatsari da Keke Napep ɗinsa a hanyar Maska. Yana shan kwana sai ga shanyar masara a kan kwalta. Kin san shi, ba zai taka abinci ba. Ya kauce, keken ya kife, hannunsa ya karye.

Wa za mu kai ƙara? Masarar ta Kawu Bala ce. Ya zo dubiya yana ta sa masa albarka, wai ko ƙwaya bai taka ba.

Ki gaida yara, ki sa mu a addu'a. Yau ma Kawu ya sake shanya a wurin.

Ƙanwarki,
Rabi